BARNEY CLARK: MUTUMIN DA YA YI KWANA 112 DA ZUCIYAR ROBA

An haifi Barney Clark ran 21 ga watan Janairu, 1921, a garin Provo na Jihar Utah ta ƙasar Amurka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya shiga sojan sama. Bayan yaƙi ya koyi aikin likitan haƙori, ya zauna a yankin Seattle yana sana'arsa har ya yi ritaya. Shi da matarsa Una Loy suna da 'ya'ya uku. Ba domin lalurar da ta same shi da tsufa ba, da ba wanda zai san sunansa a wajen garinsu.

Ciwon zuciya ne ya kama shi, irin wanda naman zuciyar ke saki har ta kasa tura jini. Ga shi kuma huhunsa ya raunana saboda tabar da ya daɗe yana sha a da. A wancan zamani likitoci ba su cika yi wa wanda ya wuce shekara 50 dashen zuciyar wani mutum ba, shi kuwa yana da 61. Watau dai wannan ƙofa ta rufe masa.

Ana nan sai aka ba shi labarin Jami'ar Utah, inda Dokta Willem Kolff da Dokta Robert Jarvik su ke gwajin wata zuciya ta roba da ƙarfe mai suna Jarvik-7. Clark ya je da kansa, ya ga maruƙan da aka sa wa ita suna tsaye da ransu, sa'an nan ya koma gida ya yi shawara da iyalinsa.

Abin lura a nan shi ne yadda aka zaɓe shi. Kwamitin da ya duba shi bai tsaya ga awon jini da hoton ƙirji ba. A cikinsa har da likitar ƙwaƙwalwa da nas da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Abin da su ke nema shi ne mutum mai natsuwa da juriya, wanda ya fahimci abin da zai shiga, kuma ya ke da iyalin da za su tsaya masa dare da rana. Clark ya cika waɗannan sharuɗɗa. Takardar amincewa mai shafi 11 aka ba shi, ya sa hannu, aka bar shi ya kwana da tunaninsa, ya sake sa hannu.

An shirya yin aikin ran 2 ga Disamba, 1982, amma tun daren ran 1 ga wata zuciyarsa ta fara gazawa, aka garzaya da shi ɗakin fiɗa. Dokta William DeVries da mataimakansa suka shafe fiye da sa'a bakwai suna aiki. Suka yanke manyan ɗakuna biyu na ƙasan zuciyarsa, suka ɗinka ta roba a gurbinsu. Mesa biyu, kowace mai tsawon ƙafa shida, suka fito ta jikinsa zuwa ga wani injin hura iska mai nauyin kusan kilo 170. Iskar nan ita ke buga zuciyar. Duk inda zai motsa sai da injin.

Zuciyar ta yi aikinta, amma wahala ta biyo baya. Cikin 'yan kwanaki aka mai da shi ɗakin fiɗa domin iska na yoyo daga huhunsa. Bayan haka jijjiga mai tsanani ta kama shi. Ran 14 ga Disamba ɗaya daga cikin 'yan murafun da ke hana jini komawa baya ya karye, aka canja sashen hagu na zuciyar. A watan Janairu kuma haɓo ya dame shi, saboda maganin tsinka jinin da ake ba shi, har sai da aka yi masa wani aikin.

Ciwon bai tsaya ga jiki ba. Clark ya yi makonni cikin ruɗewa da baƙin ciki, kuma likitar ƙwaƙwalwar da ke duba shi ta bayyana daga baya cewa ya sha roƙon a bar shi ya mutu. A wannan hali Una Loy ba ta gusa daga asibitin ba. Ita ke rarrashinsa, ita ke tsakaninsa da likitoci da 'yan jaridar da suka cika harabar. A farkon watan Maris hankalinsa ya dawo har aka ɗauki hirarsa da Dokta DeVries, ya nuna cewa ya yarda da gwajin ne domin na baya su amfana. Ran 23 ga Maris, 1983, ya rasu yana da shekara 62, bayan ƙoda da huhu da sauran kayan cikinsa sun gaza. Zuciyar robar ta buga kusan sau miliyan 13, kuma tana cikin bugawa aka kashe injin.

Wanda aka yi wa aikin bayansa, William Schroeder, a shekarar 1984, ya yi kwana 620. Daga baya likitoci suka fi karkata ga ɗan ƙaramin famfo da ake haɗawa da zuciyar mutum ba tare da an cire ta ba, yana taya sashen hagu tura jini. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2001, kan marasa lafiya 129, ya nuna kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka sa wa famfon sun kai shekara guda, alhali masu shan magani kaɗai kashi 25 ne.

To, amma mai wannan famfo yana da ɗawainiya kullum. Akwai waya da ke fitowa ta fatar cikinsa, wadda dole a riƙa wanke bakinta don gudun ƙwayoyin cuta. Akwai batir da za a riƙa caji, da maganin tsinka jini da ba a tsallake shi. Mutumin da baƙin ciki ya danne, ko mashayi, ko wanda ba shi da mai jinya, da wuya ya iya wannan. Bincike ya nuna irin waɗannan sun fi yawan kamuwa da cuta a bakin wayar da yawan komawa gadon asibiti. Shi ya sa a 2018 ƙungiyar likitocin dashen zuciya da huhu ta duniya ta fitar da ƙa'idojin binciken halin mutum da zamansa da iyalinsa kafin a sa masa famfo, watau irin tambayoyin da aka yi wa Clark tun 1982.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita yana iya ɗinka famfo a ƙirji, amma wanke rauni da tuna lokacin magani da kwantar da hankali, wannan sai na kusa. Jama'a, wanda duk ya ke zaune nesa da gida ya san darajar wanda zai kwana a gefen gadonsa ranar da lafiya ta ƙi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.