Tarihin Ariyus, Limamin Iskandariyya

An haifi Ariyus a ƙasar Libiya wajen shekara ta 256 Miladiyya, amma a birnin Iskandariyya na Masar ya yi suna, inda ya zama limamin wata majami'a ta Nasara. A wancan zamani garin cike yake da masu falsafar Yunanawa. Malaman Nasara na can, irin su Orijin, sun ƙoshi da koyarwar Aflatun har suka riƙa auna Linjila da mudunta. Daga nan tambaya ta taso: in Allah ɗaya ne, ba Ya rabuwa, ba Ya sauyawa, to mene ne matsayin Annabi Isa, Alaihis Salam?

Wajen shekara ta 318 Ariyus ya fito fili ya koyar cewa Allah kaɗai ne marar farko, shi kuwa Isa halitta ne, yana da mafari. Har waƙe ya mayar da wannan aƙida, matuƙan jirgi da masu niƙa suna rerawa. Rigima ta ƙazanta tsakaninsa da shugabansa Iskandar, sai Sarkin Rum Kustantin ya tara manyan limamai kimanin 300 a garin Nikiya cikin 325. Taron ya yanke cewa zatin Isa da zatin Allah ɗaya ne, kalmar kuwa da suka kafa hukuncin a kanta babu ita cikin Linjila, ta masu falsafa ce. Limamai 2 daga Libiya suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus, Sarki ya yi umarni a ƙone littattafansa.

Malamanmu irin su Ibn Hazm sun ambace shi cikin masu tauhidi, kuma lalle ya fi abokan jayayyarsa kusa da gaskiya. Amma a yi hattara. Ariyus ya ɗauka an halicci Isa tun kafin duniya, kuma ta hanyarsa aka halicci sauran abubuwa, watau wani tsani tsakanin Mahalicci da bayinSa. Wannan ba koyarwar Alƙur'ani ba ce. Daga rijiyar Aflatun ɗin nan shi ma ya ɗebo ta.

Daga baya Sarki ya sassauta masa. Ya rasu farat ɗaya a Kustantiniyya cikin 336, ana gobe za a mayar da shi cikin jama'a. Aƙidarsa ta ci gaba a Andalus har zuwa 589.