Mulla Gurani: Malamin Sarki Muhammadul Fatih da Iliminsa Ya Iso Ƙasar Gwandu

Idan aka ambaci Turkawa a kasuwannin Arewa a yau, abin da kan zo wa mutane a rai shi ne kayan sawa da kayan ɗaki da ake sarowa daga Santambul, ko kuma mahaya dawaki masu takubba na wasannin kwaikwayon da ake fassarawa zuwa Hausa. Wanda ya ɗan leƙa tarihi zai ƙara da sunan Sarki Muhammadul Fatih, wanda ya ci birnin Kustantiniyya a 1453. Kaɗan ne suka san malamin da ya zaunar da wannan sarki a gaban allo yana yaro, ga shi kuwa malamin ya fi sarkin kusa da mu, domin littafinsa yana cikin waɗanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya dogara da su.

Sunansa Shamsuddini Ahmad ɗan Isma'ila Alkurani, Turkawa kuma suna ce masa Mulla Gurani. An haife shi a wajajen 1410 a yankin Kurdawa. Ya bi hanyar da almajiran zamaninsa ke bi: Bagadaza, Dimashƙa, Ƙudus, sannan Alƙahira, wadda a lokacin take hannun sarakunan Mamluk, take kuma cibiyar ilimin duniyar Musulmi. A can ya yi karatun hadisi a gaban Ibn Hajar Al'asƙalani, mai sharhin Bukhari. Ya yi fice har aka ba shi darasi a makarantar Barƙuƙiyya.

Kaifin harshensa ne ya raba shi da Masar. A 1440 gardama ta haɗa shi da wani malami mai suna Hamiduddini Annu'umani, wanda ake danganta shi da zuriyar Imamu Abu Hanifa. Gurani ya zage shi har ya taɓa kakanninsa. Magana ta kai fadar Sarki Jaƙmaƙ, aka yi masa bulala, aka kore shi zuwa Sham. Wani babban malamin Daular Usmaniyya, Mulla Yegan, ya haɗu da shi a hanyarsa ta dawowa daga aikin hajji, ya tafi da shi wurin Sarki Muradu na Biyu. Sarki ya ba shi koyarwa a Bursa. Abin mamaki, mutumin da aka yi wa bulala saboda taɓa zuriyar Abu Hanifa, a ƙasar Turkawa ya bar mazhabar Shafi'iyya ya koma ta Hanafiyya.

Sarki Muradu yana da ɗa a garin Manisa mai suna Muhammadu, yaro mai taurin kai da ya gagari malamai, har ya kai shekara goma sha ɗaya bai sauke Alƙur'ani ba. Marubutan tarihin daular sun ruwaito cewa sarki ya damƙa wa Gurani sanda, ya ba shi izinin amfani da ita. Yarima ya ga malami da sanda ya yi dariya, malam kuwa ya yi masa dukan da bai taɓa sha ba. Ba a daɗe ba ya sauke. Ko an yi wa labarin ado, abin da ya biyo baya ya nuna irin zaman da ke tsakaninsu: har ƙarshen rayuwar sarkin, Gurani da sunansa yake kiran sa, ba ya rusuna masa, ba ya sumbatar hannunsa, musafaha kawai suke yi.

Da Muhammadu ya hau gadon sarauta a 1451 ya yi wa malaminsa tayin wazirci, ya ƙi. Ya karɓi alƙalancin sojoji, muƙamin da shi ne ƙololuwar shari'a a daular a wancan lokaci. Da wannan rawani ya halarci yaƙin Kustantiniyya. An kewaye birnin daga 6 ga Afrilu zuwa 29 ga Mayu 1453, kwana 53, ana luguden ganuwarsa da manyan igwa da wani maƙeri mai suna Urban ya zuba, aka kuma jawo jiragen ruwa ta kan tudu aka sauke su cikin mashigin da Rumawa suka toshe da sarƙa. Duk da haka ganuwa ta ƙi faɗuwa, gwiwar wasu ta yi sanyi. Babban waziri Halil Pasha ya ba da shawarar a yi sulhu a janye. Gurani da Shehu Akshamsuddini suna cikin waɗanda suka mara wa Zaganos Pasha baya a kan a ci gaba. Bayan nasara, shi ya tsara wasiƙar albishir da Larabci zuwa ga Sarkin Masar Inal. Ƙasar da ta kore shi da bulala shekara goma sha uku baya, da alƙalaminsa aka sanar da ita.

Zaman lafiyarsa da ɗalibinsa bai ɗore ba. Yana naɗa alƙalai ba tare da jiran yardar fada ba, sai aka mayar da shi alƙalancin Bursa. A can aka kawo masa takardar umarnin sarki wadda ya ga ta saɓa wa shari'a, ya yayyaga ta. Aka tuɓe shi, ya kama hanyar gabas, ya yi hajji, ya zauna a Ƙudus. A wannan zama na wanda aka sauke daga aiki ya fara rubuta tafsirinsa, Gayatul Amani, a 1456. Sarki ya yi nadama ya aika a dawo da shi, ya koma alƙalancin Bursa, ya kammala littafin a 1463. Tafsiri ne na mai gardama: yana bin Zamakhshari da Bailawi sawu da ƙafa, inda ya ga sun kauce ya faɗa ba tare da kara ba.

Wannan littafi ne ya ƙetare Sahara. Masar ta shiga hannun Usmaniyya a 1517, Tarabulus a 1551, kuma ta waɗannan ƙofofi alhazai da fatake ke shigo da littattafai ƙasar Hausa. Borno ta samu nata rabon daga Turkawa ta fuskar bindiga, lokacin da Mai Idris Alauma ya aika jakadu ga Sarki Muradu na Uku, ya kuma yi amfani da 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa. Rabon malaman jihadi ya zo ne a takarda. Da Malam Abdullahi ya zauna rubuta Liya'ut Ta'wili, wanda ya kammala a 1816, Gayatul Amani yana cikin littattafan da ya riƙa ɗebowa daga cikinsu, tare da na Bailawi da Khazin da Sa'alabi da Ibnul Arabi. An buga Liya'u a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu. Almajirin da ya buɗe shi a zaure a Gwandu ko Kalgo, yana cin karo da fahimtar malamin Fatih ko da bai san tarihinsa ba.

Mutanen biyu sun yi kama ta wata fuska. Abdullahi ma malami ne da ya san fagen fama, daga Tafkin Kwatto a 1804 zuwa Alwasa a 1805. Shi ma ya taɓa juya wa mulki baya: a 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mayaƙa, ya bar runduna ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Bambancin shi ne Abdullahi ya dawo ya riƙi ragamar yammacin daula da kansa har ya rasu a Gwandu a 1829, Gurani kuwa bai taɓa yarda ya tashi daga buzun malanta ba.

A 1480 aka naɗa shi muftin Santambul. Kafin nan ya riga ya rubuta sharhin Bukhari mai suna Alkausarul Jari, da sharhin Jam'ul Jawami'i a usulul fiƙhu, ya kuma zuba dukiyarsa wajen gina masallatai da makarantu, har da ta koyar da ƙira'o'in Alƙur'ani. Ɗalibinsa ya riga shi rasuwa a 1481. Shi kuwa ya cika a 1488. Sarki Bayazidu na Biyu, ɗan Fatih, ya halarci jana'izarsa, aka kuma biya bashin da ya bari daga baitulmali. Kabarinsa yana Santambul, a unguwar da har yau ake kira da sunansa cikin gundumar Fatih.