Sarauniya Mangu ta Lugu

Lugu ƙauye ne na ƙasar Arewa, cikin komin ɗin Dankasari, gundumar Dogon Dutsi, jahar Doso. Ƙasa ce ta duwatsu da fadamun Dallol Mauri, inda jama'a ke noman hatsi da wake. A nan ne Sarauniya Mangu ta yi zamaninta a ƙarshen ƙarni na 19.

Sarauniya sunan sarauta ne da mata ke riƙewa a Lugu, ɗaya bayan ɗaya. Bisa ga tarihin baka, Aznan Lugu daga Daura suka fito, kuma mace ce ta ja gabansu. A zamanin Mangu, ikon Arewa kashi biyu ne. Sarkin Arewa na Matankari shi ke da dawaki da sha'anin yaƙi. Sarauniya kuwa, tare da Baura na Bagaji, su ke riƙe da al'adun ƙasa da roƙon albarkar damina. A Lugu kuma ake yanke shari'a gaban dutsen Tunguma.

A farkon shekara ta 1899, ayarin sojan Faransa ƙarƙashin kaftin Bule da kaftin Shanuwan ya taso daga bakin kogin Kwara, ya nufi tabkin Cadi, yana ƙona garuruwa, yana kashe bayin Allah. Wasu sarakuna suka miƙa wuya, wasu suka gudu. Mangu ta tara maharbanta ta tsaya. Ran 16 ga watan Afrilu aka gwabza: kibau a gefe ɗaya, bindigogi a ɗaya gefen. Nasaru suka rasa soja 4, aka yi wa 6 rauni. Da wuta ta yi yawa, Sarauniya ta janye da mutanenta cikin kurmi. Aka ƙone garin, amma ba a kama ta ba.

Ayarin ya wuce ya yi ɓarna mai tsanani a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu. A watan Yuli kuma, kusa da Maijirgi ta ƙasar Tasawa, sojojinsu da kansu suka kashe Bule da Shanuwan.

Mutanen Lugu sun koma sun sake gina garinsu. Amma da mulkin mallaka ya kafu, Dogon Dutsi ta zama mazaunin kumandan, aka bai wa gidan Sarkin Arewa sarautar kanton, Lugu ta koma ƙauye kamar sauran ƙauyuka.

Duk da haka sunan Mangu bai ɓace ba. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi silima a 1986. A 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren tarihin da take neman UNESCO ta amince da su. Ya kamata ma'aikatan da aka tura aiki yankin su san cewa tun kafin kanton da komin akwai tsarin mulki a ƙasar nan, kuma mace ce ta tsaya ta kare shi ranar da wuta ta iso.