Alhaji Alhassan Ɗantata: Attajirin Da Cinikinsa Bai Bi Shi Kabari Ba

A ƙasar Hausa an sha ganin attajiri ya yi suna, ƙofar gidansa cike da jakuna da masu neman bashi, amma ran da ya rasu aka raba gado, kafin shekara uku sai a nemi cinikin nan a rasa. Dalili kuwa shi ne komai yana cikin kan maigida. Shi kaɗai ya san wanda yake bi da wanda yake bin sa, shi ke riƙe da mabuɗi, shi ke yanka farashi. Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano yana cikin 'yan kaɗan da suka kauce wa wannan rami. Ya fara da talla, ya rasu cikin 1955 ana lissafa shi a kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma, kuma harkar da ya kafa ta ci gaba da tafiya a hannun 'ya'yansa shekaru masu yawa bayansa.

Maraya a Bebeji

An haife shi a garin Bebeji ta ƙasar Kano cikin shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, watau zuriyar fataken nan da suka shahara da zuwa Gwanja sayen goro. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne mai dukiya. Allah ya yi masa rasuwa wajen 1885, sa'ad da Alhassan yana ɗan shekara takwas. 'Ya'yan duka ƙanana ne, babu wanda ya isa ya gaje shi a ayari, saboda haka aka raba dukiyar bisa shari'a, fataucin gidan kuwa ya tsaya cak. Mahaifiyarsa ta tashi ta koma Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yanzu, ta bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne aka sami laƙabin Ɗantata.

Ya yi karatun allo a Bebeji, yana kuma 'yan aikace-aikace da talla don ya ci da kansa, abin da ya ragu yana jefawa a asusu. Da ya kai wajen shekara goma sha biyar sai ya bi ayari zuwa Ankara don ya ga mahaifiyarsa, ya ɗan zauna can, sa'an nan ya komo gida. Bai daɗe da komowa ba sai yaƙin basasar Kano ya tashi cikin 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa da yawa sun yi hasarar dukiyarsu, an kuma kama wasu, har da Alhassan, sai da aka biya fansa ya kuɓuta. Ashe ke nan tun bai cika shekara ashirin ba ya ga dukiyar gida ta watse sau biyu, da fari mutuwa ta watsa ta, sa'an nan yaƙi.

Daga ayari zuwa jirgin ruwa

Fataucin Gwanja na wancan zamani aiki ne na jiki. Falke yakan ɗora wa jakuna turkuɗi da kanwa da kayan fata, ya yi watanni a hanya, ya haye Kwara, ya biya fito da kuɗin hanya ga sarakuna, ya sayo goro ya juyo. Goro kuwa ba ya son sakaci, dole a riƙa kwance huhu ana dubawa ana fid da wanda ya ɓaci. Tafiya ɗaya ita ce ta shekara, kuma in mai kaya ya kwanta ciwo a zango, to, cinikin ma ya kwanta.

Alhassan ya yi wannan fatauci, amma da ƙasa ta lafa bayan zuwan Turawa Kano cikin 1903, sai ya lura da wata hanya. Yana cikin fataken Arewa na farko da suka riƙa ɗauko goro daga Kumasi zuwa bakin teku, a Ankara ko Sekondi, su sa shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Daga wajen 1906 ya ƙara da cinikin duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa. Amfanin wannan hanya bai tsaya ga sauri ba. Kayan da ke cikin jirgi ba su bukatar mai su ya bi su a ƙasa. Abin da suke bukata shi ne amintaccen mutum a inda aka ɗora su da wani a inda za a sauke su. Da haka kuɗi suka fara juyawa sau da yawa a shekara, kuma Alhassan ya saba da barin dukiyarsa a hannun wasu yana karɓar lissafi.

Zamanin gyaɗa

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912. Turawan mulki auduga suka sa rai za a noma, amma a Turai ana bukatar man gyaɗa ƙwarai, kamfanoni suka sa mata kuɗi mai kyau, manoma kuwa suka bi inda riba take. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya cikin 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma cikin 1913 ta wuce tan 19,000.

Sai dai Turawan kanti ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe, manomi kuma bai yarda da su ba. Dole suka nemi fataken goro, waɗanda suke da jari da yara da sanin hanya. A cikin wannan zamani ne Alhassan ya tare a birnin Kano, ya kafa gida a unguwar Sarari. Akwai waɗanda suka riga shi shiga harkar, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. Cikin 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa, kuma kafin shekarar 1922 ta ƙare ya riga ya wuce sauran attajiran Kano.

Yadda harkar take tafiya shi ne, kamfani yakan ba babban ɗan kasuwa kuɗi ko kaya kafin alƙalami. Shi kuma sai ya rarraba wa yaransa, kowa da yankin da aka ba shi. Yaran nan su ma suna da nasu yaran, masu shiga kasuwannin ƙauye da mudu da buhu. Su ne suka san manomin da ke cika alkawari, har a ba shi bashi tun da damina ya biya da gyaɗa in kaka ta yi. Daga nan a ɗoro wa jakuna da raƙuma zuwa Kano, a auna a sikeli, kowa ya fid da la'adarsa. Kakar gyaɗa 'yan watanni ce, kuma kasuwanni da yawa suna ci rana ɗaya, saboda haka mutum ɗaya, komai himmarsa, ba zai iya halartar ko kashi ɗaya cikin goma ba. Wanda ya ce sai da idonsa za a yi awo, ƙaramin ɗan kasuwa zai ƙare.

Nan ne Alhassan ya yi wa tsaransa nisa. Ya tara wakilai masu yawa a ƙasar Kano da wajenta, ya sake musu kuɗi, ya bar su su yi ciniki su ma su sami nasu. Haɗarin a fili yake, domin yaro yana iya cin kuɗin ko ya gudu da su. Maganin da fatake suka sani shi ne a fara gwada mutum da kaɗan, in ya cika a ƙara masa, a kuma ɗauki wanda aka san gidansu ko wanda wani babba ya tsaya masa. Yaron da ya ga cewa bana an ba shi fam goma, baɗi za a ba shi hamsin, ya san zaman amana ya fi masa gudu riba. Aikin maigida ya tashi daga auna gyaɗa ya koma zaɓen mutane da duba lissafinsu.

Yawan gyaɗar da ake tarawa ya fi ƙarfin jirgin ƙasa ya kwashe ta nan da nan zuwa Ikko, sai aka riƙa jera buhuna ana yin dala da su. Dalar gyaɗa ɗaya takan ci buhu har 15,000, kuma da sunan Ɗantata ake haɗa wannan dabara da ta zama alamar Kano.

Banki da akawu

Bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano. Kanawa sun daɗe suna ba da labarin ran da Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa, kayan raƙumi ashirin. Mutane sukan tsaya ga yawan kuɗin, amma akwai wani abu a ciki. A lokacin attajirai da yawa binne kuɗi suke yi a ɗaka, inda maigida kaɗai ya sani, in ya mutu ba zato ajiyar ta bi shi. Kuɗin da ke banki kuwa rubuce suke, ana iya aika su Ikko ba tare da ayari ba, magada kuma suna iya gano su. Cikin 1929 ne kuma aka haɗa kamfanonin Turawa aka kafa U.A.C., Alhassan ya zama babban mai saya mata gyaɗa. Hulɗa da irin wannan kamfani ba ta yiwuwa da lissafin ka, saboda haka ya ajiye akawuna da babban mai kula da kuɗi.

Har ila yau bai dogara ga gyaɗa kaɗai ba. Ya riƙe cinikin goro da na shanu da yadi da hatsi, ya kuma sayi filaye da gidaje. Da kasuwar duniya ta faɗi bayan 1929, farashin gyaɗa ya karye, 'yan tsakiya da yawa suka durƙushe, amma mai hannu a sana'a biyar in ɗaya ta yi sanyi sauran sukan ɗauke shi. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta kafa hukumar sayen gyaɗa cikin 1949, wadda ke ba da lasin ga masu saya mata. A kakar 1953 zuwa 1954 Alhassan ya sami nasa lasin, watau ya daina zama yaron kamfanin Turawa, ya zama abokin gasarsu. Ya kuma zauna a majalisar Sarkin Kano Abdullahi Bayero yana ba da shawara kan al'amuran ciniki.

Horon 'ya'ya

Wanda aka bari maraya bai san komai na cinikin ubansa ba, bai yarda nasa 'ya'yan su tashi haka ba. Ya sa su cikin harka tun suna samari, kowa da ɓangarensa. Sanusi tun yana saurayi aka danƙa masa wani sashe na cinikin shanu, ana saye a Arewa a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga baya ya shiga sayen gyaɗa da harkar motoci, ya zama attajiri mai zaman kansa tun mahaifinsa na da rai. Aminu, wanda aka haifa cikin 1931, ya shiga aikin gidan cikin 1948, kuma daga mai sayen amfanin gona ya fara kamar sauran ma'aikata. Alhassan ya kuma tattara harkokinsa a ƙarƙashin sunan kamfani guda, Alhassan Dantata and Sons, domin ciniki ya sami suna da littafi nasa na kansa, daban da aljihun maigida.

Cikin 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ga jikin ya yi nauyi sai ya tara 'ya'yansa tare da babban mai kula da kuɗinsa, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bar kamfanin ya rushe, su guji rigima da sauran attajiran Kano, su kuma kula da matalautan dangi. Bayan kwana uku, ran Laraba 17 ga watan Agusta, 1955, Allah ya karɓi ransa. An binne shi a gidansa na Sarari.

Bayan rasuwarsa

An raba gado kamar yadda shari'a ta ce, amma kamfanin bai watse ba. Ahmadu ya shugabance shi har rasuwarsa cikin 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa yana da shekara 29. Wannan ma wata jarrabawa ce, domin sau biyu ke nan cikin shekara biyar harkar tana rasa shugaba, ta kuwa ci gaba. Bayan samun mulkin kai kamfanin ya shiga kwangilar gine-gine da wasu sana'o'i. Ita gyaɗar kanta ta ja baya cikin shekarun 1970, saboda fari da cutar da ta faɗa wa gonaki cikin 1975, dalolin Kano suka ɓace, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona cikin 1986. Gidan Ɗantata bai tafi tare da su ba. Alhaji Sanusi ya rasu cikin 1997, Alhaji Aminu kuma cikin 2025. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka haifa cikin 1957, jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa.

Ba kowane mai tebur ko mai rumfa ne zai zama Ɗantata ba, arziki na Allah ne, shi kuma ya dace da zamanin jirgin ƙasa da gyaɗa. Amma abubuwan da suka tsare cinikinsa ba sai mai raƙumi ashirin ke iya yin su ba. Mai sayar da goro a Agege ko dillalin shanu a Sabon Badun yana iya rubuta bashinsa a littafi, ya raba kuɗin cefane da uwar kuɗi, ya gwada yaronsa da kaɗan ya ƙara masa, ya kuma nuna wa ɗansa abokan cinikinsa tun yana da lafiya. Hanyar gane ko an yi haka mai sauƙi ce: maigida ya tafi aikin Hajji ya yi wata guda, in ya komo ya tarar da rumfa a buɗe, lissafi kuma daidai, to, ya kafa abin da zai bar wa 'ya'yansa.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya yi masa rahama, amin.