Tarihin Big Daddy, ƙaton da ya riƙe kokowar Ingila kusan shekara 20

Duk matashin da ke zama gidan kallo a Damagaram, ko mai bin resilin a wayarsa, ya san John Cena da Undertaker da Roman Reigns. Waɗanda suka san cewa Ingila ta taɓa yin nata resilin, mai tara miliyoyin mutane gaban talabijin kowace Asabar da la'asar, ba su da yawa. Mutumin da ya fi kowa suna a wannan harka kuwa bai yi kama da zaratan Amurka na yau ba. Ƙato ne mai tumbi, shekarunsa sun haura 40 kafin tauraronsa ya haska, kuma da wuya ya yi minti biyar yana fafatawa. Sunansa na yanka Shirley Crabtree, amma da Big Daddy aka san shi.

An haife shi ranar 14 ga Nuwamban 1930 a Halifax, garin masaƙu da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila. Sunan mahaifinsa ya gada. A can baya Shirley sunan maza ne, amma a zamanin ƙuruciyarsa ya riga ya koma na mata, ga kuma yarinyar nan 'yar fim ta Amurka, Shirley Temple, da duniya ke yayi a lokacin. Yara suka sa shi gaba da tsokana, shi kuma ya koyi ramawa da ƙarfin damtse.

Ya taɓa sana'o'i da dama kafin kokowa. Ya yi aikin haƙar kwal, ya yi wasan zari-ruga a ƙungiyar Bradford Northern ba tare da ya samu shiga sahun farko ba, ya kuma yi soja a rundunar Coldstream Guards, masu jar riga da doguwar hular gashi da ke gadin fadar sarauta a Landan. A 1952 ya shiga kokowar kuɗi. Lokacin jikinsa a murɗe yake, gashinsa fari-fari, har ana tallata shi da laƙabin Blond Adonis.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya riƙe bambanci ɗaya. A filin kokowa na Langa-Langa da ke Damagaram babu wanda ya san wanda zai yi kaye sai an busa, kuma da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A resilin, mai shirya wasa ne ke yanke wanda zai ci tun kafin a fito. Faɗuwa da targaɗe da karaya na gaske ne, amma nasara rabo ce da maigida ke bayarwa. Don haka tarihin ɗan resilin rabinsa labarin ƙarfi ne, rabinsa labarin wanda ke riƙe da kasuwa.

Shekarun bayan fage

A shekarar da Crabtree ya fara, manyan masu shirya wasanni a Birtaniya suka haɗe ƙarƙashin inuwa guda mai suna Joint Promotions. Suka raba yankunan ƙasar a tsakaninsu, kuma da tashar ITV ta fara nuna kokowa a 1955, su ne suka samu kwangilar. Duk wanda ba ya cikin wannan haɗaka sai ya koma wajen ƙananan masu shirya wasa masu zaman kansu, waɗanda ke yawo gari-gari suna kama hayar zauren taro na dare ɗaya. Ba talabijin, ba suna, kuɗin ma abin da aka samu a bakin ƙofa ne.

Crabtree ya yi aiki a ɓangarorin biyu. A wajen masu zaman kansu ne, ƙarƙashin British Wrestling Federation, ya ɗauki kambun Birtaniya na masu nauyi a 1960. Wannan kambu bai zo masa da kwanciyar hankali ba, domin akwai Bert Assirati, wani gajeren ƙaƙƙarfa da abokan sana'a kansu ke shakka saboda ba ya bin tsarin da aka shirya in ransa ya ɓaci. Assirati yana ganin kambun nasa ne, sai ya riƙa zuwa wuraren da Crabtree ke wasa yana ƙalubalantarsa a gaban jama'a su yi ta gaske. Crabtree bai amsa ba. A 1966 ya ajiye sana'ar, ya yi kimanin shekara shida ba a jin ɗuriyarsa.

Da labarin ya tsaya nan, da yau ba wanda zai tuna da shi.

Dawowa da sabon jiki

Ya dawo a 1972, wannan karon wajen Joint Promotions, a matsayin mugu da ake yi wa ihu, da laƙabin da ke nuni da aikinsa na soja. Jikin da aka sani a murɗe ya riga ya buɗe. Nauyinsa ya kai wajen kilo 170, kewayen ƙirjinsa inci 64, abin da ya sa sunansa ya shiga kundin bajinta na Guinness. Wajen tsakiyar shekarun 1970 aka raɗa masa Big Daddy, sunan wani dattijo a wasan kwaikwayon Amurka na Tennessee Williams. Matarsa ce ta ɗinka masa rigar wasa ta farko daga yadin kujerar falonsu, da babban harafin D a gaba.

A 1975, shekarar da aka yi gasar kokowar gargajiya ta ƙasa ta farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, aka haɗa Big Daddy da wani ƙaton da ya fi shi girma, Martin Ruane, wanda ake kira Giant Haystacks. Mugaye biyu ne da aka ƙera don jama'a su tsane su. Sai dai a ƙarshen shekarar, a wani wasa da aka nuna a talabijin, Big Daddy ya fizge abin rufe fuskar Kendo Nagasaki, ɗan kokowar da ya shekara da shekaru yana ɓoye fuskarsa. Nagasaki ne ya ci wasan, amma tafin ya tafi wajen Big Daddy.

Nan ne batun wanda ke riƙe da kasuwa ya shigo. Ɗan'uwansa Max Crabtree yana cikin masu tsara wasannin Joint Promotions, kuma ƙarfinsa a kamfanin sai ƙaruwa yake yi. Wani ɗan'uwan nasu, Brian, alƙalin wasa ne kuma mai gabatarwa. Max ya ga abin da jama'a ke so, sai ya raba ƙattan biyu wajen 1977, ya mayar da Big Daddy gwarzon yara da tsofaffin mata, Haystacks kuma babban abokin gabarsa.

Tsarin wasan kusan iri ɗaya ne kullum. Za a haɗa Big Daddy da wani saurayi siriri mai zafin nama, su biyu su kara da mugaye biyu. Saurayin ne zai sha duka na tsawon lokaci, yana miƙa hannu ana janye shi, 'yan kallo suna ta kururuwa. Can sai ya samu ya taɓa hannun Big Daddy. Ƙaton ya shigo, ya bangaje wannan da tumbi, ya bangaje wancan, ya faɗa kan ɗaya da dukan nauyinsa, alƙali ya ƙirga. Cikin samarin da suka yi masa wannan ɗawainiya akwai Davey Boy Smith da Dynamite Kid da William Regal, waɗanda daga baya suka yi suna a Amurka.

Abin ya karɓu fiye da yadda mutum zai zata. Shirin World of Sport na ITV yana nuna kokowa da ƙarfe huɗu na yammacin Asabar, daf da sakamakon ƙwallon ƙafa, kuma Big Daddy ne ake jira. Ya fito a tallace-tallace da mujallun barkwanci na yara. A 1979 ya doke John Quinn ɗan Kanada a zauren Wembley, sannan a watan Yunin 1981 aka yi karon da aka daɗe ana jira tsakaninsa da Haystacks a wuri guda. Ba a kai minti uku ba Haystacks ya faɗo wajen fage, aka ƙirga bai dawo ba. In da a filin Langa-Langa aka tara jama'a shekara huɗu ana yi musu alkawari sannan aka sallame su haka, da an ji surutu. A Wembley murna aka yi.

Daren Great Yarmouth

A watan Agustan 1987, a zauren Hippodrome na garin Great Yarmouth da ke bakin teku, Big Daddy ya faɗa kan Mal Kirk, wanda ake kira King Kong, kamar yadda ya saba yi masa a wasanni da yawa. Alƙali ya ƙirga, wasa ya ƙare, Kirk bai tashi ba. Kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Binciken da hukuma ta yi ya gano cewa Kirk yana da tsohon ciwon zuciya mai tsanani, aka wanke Big Daddy daga laifi.

Wankewar ba ta rufe bakin mutane ba. Kirk tsohon ɗan zari-ruga ne daga Yorkshire, shekarunsa sun kai 50, kuma babu wani gwajin lafiya da ya hana shi hawa fage. Matarsa ta shaida wa jaridu cewa fam 25 ake biyansa a wasa. Jama'a suka fara ganin abin da ke bayan labule: mutum ɗaya da danginsa a sama, sauran suna karɓar nauyin kilo 170 a ƙirji kan kuɗin cefane.

A ƙarshen 1988 Greg Dyke, mai faɗa a ji a sashen wasanni na ITV, ya cire kokowa daga tashar. Har yau masoya resilin a Ingila suna gardama kan rabon Big Daddy a wannan faɗuwa. Masu kare shi suna cewa shi ya cika zaurukan da suka fara zama fanko kafin zuwansa. Masu sukarsa suna cewa Max ya jingina kamfani duka a kan mutum ɗaya da ke tsufa, ya hana ƙwararru kai wa sama, har da yawansu suka koma All Star Wrestling na Brian Dixon ko suka tsallaka Kanada da Japan da Amurka. A ganina hujjar masu sukar ta fi nauyi, kuma 1992 ta nuna haka. A shekarar kamfanin WWF na Amurka ya tara mutum kusan 80,000 a babban filin Wembley, kuma wanda ya ci babban wasan ranar shi ne Davey Boy Smith, yaron da a da yake shan duka yana jiran hannun Big Daddy. 'Yan kallo suna nan, kasuwar ce ta koma hannun baƙi.

Big Daddy ya ƙare inda ya fara, a ƙananan zauruka ba tare da talabijin ba, yana yawo da kamfanin Max har ya haura shekara 60. Wasansa na ƙarshe a garin Margate aka yi shi, a watan Disamban 1993. Ya koma Halifax, inda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya yi ajalinsa ranar 2 ga Disamban 1997 yana da shekara 67. Giant Haystacks, wanda ya je Amurka a 1996 ya yi 'yan wasanni a kamfanin WCW da sunan Loch Ness, ya bi bayansa a watan Nuwamban 1998 sakamakon ciwon daji.