Tarihin Pierre Levegh, direban da ya yi kusan awa 23 bai bar sitiyari ba

Wanga tarihi na wani mutumin Faransa ne mai tseren mota, wanda duniya ta fi saninshi da ranar mutuwarshi. In aka ambaci Pierre Levegh, abin da ke faɗo ma masana tsere a rai shi ne hatsarin 11 ga watan Yuni 1955 a garin Le Mans, hatsari mafi muni da aka taɓa yi a tarihin tseren motoci. Amma kafin wannan rana mutumin ya yi shekara 49 a duniya, kuma ya yi wani abin da har gobe ba wanda zai sake yin irinshi.

An haife shi a birnin Paris ranar 22 ga watan Disamba 1905. Sunanshi na yanka Pierre Bouillin. Levegh ɗin aro ne daga kawunshi Alfred Velghe, ɗaya daga cikin mutanen farko da suka yi tseren mota a Faransa, wanda ya juya haruffan sunanshi ya mayar da su Levegh. Kawun ya ci babban tseren Paris zuwa Toulouse da dawowa a 1900 cikin mota ƙirar Mors, ya kuma rasu tun ba a haifi Pierre ba. Yaron ya tashi yana jin labarin mutumin da bai taɓa gani ba, da ya girma sai ya ɗauki sunan ya ɗora ma kanshi. Mai ƙarfin jiki ne ƙwarai, gwani a wasan tanis da wasan sanda na kan ƙanƙara. Amma zuciyarshi tana Le Mans.

To, bari mu ɗan tsaya kan wanga tsere, don in ba a gane shi ba ba za a gane mutumin ba. An fara shi a 1923 a gefen garin Le Mans, yamma da Paris. Ba a auna shi da wanda ya riga isa wani gari. Ana sakin motoci ne da ƙarfe 4 na yammacin Asabar, su yi ta zagaya hanya mai tsawon kilomita 13 da rabi, dare da rana, har ƙarfe 4 na yammacin Lahadi. Motar da ta fi cin nisa cikin awa 24 ita ce zakara. Galibin hanyar ma titin jama'a ce, rufe ta ake yi don tseren. Da farko manufar ita ce a gwada ƙarkon motocin da ake sayarwa a kasuwa: inji, fitila, birki, taya, wanne zai kai safe? Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da tseren, sai 1949 aka dawo. A lokacin masana'antu ba su gama farfaɗowa ba, don haka aka yarda kamfanoni su kawo motar samfuri, wato wadda aka ƙera don gwaji ba a kai ta kasuwa ba tukuna. Daga nan gudu ya fara hauhawa shekara bayan shekara, hanya kuwa tana nan kusan yadda take tun zamanin da.

Levegh ya fara shiga Le Mans a 1938 cikin motar Talbot tare da Jean Trévoux, ba su kai ƙarshe ba. Yaƙi ya zo ya cinye mishi shekarun da direba ke kan ganiyarshi. Da aka dawo ya haura 40. Ya taɓa tseren Formula 1 sau 6 a 1950 da 1951, bai samu maki ko ɗaya ba. A Le Mans na 1951 kuwa ya zo na huɗu, shi da abokin tuƙinshi René Marchand, cikin Talbot mai injin lita 4 da rabi. Wani da ya samu na huɗu sai ya yi biki. Shi a wurinshi abin bai kai ba.

Sai 1952. Wannan shekara ce Mercedes ta Jamus ta dawo Le Mans karon farko bayan yaƙi, da sabuwar mota 300 SL. Ku tuna shekara bakwai kacal da gama yaƙin, mutanen da ke tsaye bakin hanya da yawansu sun ga sojan Jamus a ƙofar gidajensu. Jaguar ta Ingila, wadda ta ci a bara, ta sake ma motocinta siffa don su ƙara gudu, sai injinansu suka ɗau zafi, duka uku suka fita tun da wuri. Wata ƙaramar Gordini ta Faransa ta ja gaba cikin dare, birki ya ba ta matsala, ita ma ta tsaya. Kafin gari ya waye Talbot ɗin Levegh ce a gaba.

Ka'idar kowa ita ce direbobi biyu su riƙa karɓar juna, wanga ya tuƙa, wancan ya ɗan runtsa. Duk sanda Levegh ya tsaya shan mai, Marchand na tsaye da hular kwano a kai yana jira. Levegh ya ƙi fita. Aka roƙe shi, ya ƙi. Dare ya raba, asuba ta yi da hazo, hantsi ya yi, azahar ta wuce, mutum ɗaya ne dai a sitiyari. Duk wanda ya taɓa doguwar tafiyar dare a mota ya san yadda gyangyaɗi ke zuwa ba sallama, balle a ce mota ce buɗaɗɗiya ba rufi, iska na dukan fuska, kana canza giya ba iyaka. Ya ba motocin Mercedes tazarar zagaye huɗu. Faransawa sun fara murna, don ga ɗansu cikin motarsu zai kayar da Jamusawa.

Saura awa ɗaya da ƴan mintoci, injin ya fashe. Motar ta tsaya a bakin hanya. Hermann Lang da Fritz Riess na Mercedes suka ci tseren, ɗaya motar Mercedes ɗin ta zo ta biyu, ƴan kallo kuwa suka yi tsit kamar ruwa ya cinye su.

Nan fa baki ya rabu biyu. Wasu suka ce son kai ne da taurin kai, wai yana son a ce shi kaɗai ya ci, gajiya ta sa ya kuskure giya ya kashe injin. Wasu kuma, musamman daga baya, suka ce tun cikin dare agogon da ke nuna juyin inji ya lalace, kuma ya ji wata girgiza a injin, da kunne yake lallaɓa motar, yana tsoron in ya miƙa ta ga wanda bai san ciwon ba zai ƙarasa ta nan take. Duka biyun na iya zama gaskiya a mutum guda. Kuma a yi mishi adalci, ba shi ya fara ba: a 1950 Louis Rosier ya ci Le Mans da Talbot yana tuƙa kusan dukan tseren, ɗanshi ya karɓe shi na ɗan lokaci kaɗan. Rosier ya ci sai aka kira shi jarumi. Levegh ya faɗi sai aka kira shi wawa. Bayan wannan tsere ne masu shiryawa suka kafa dokar iyakance awoyin da mutum ɗaya zai tuƙa. Yanzu direbobi uku ke raba mota, kuma ba wanda aka yarda ya wuce awa 14 cikin 24 ɗin.

Akwai mutum ɗaya da abin ya zauna ma a rai, Alfred Neubauer, shugaban ƙungiyar tsere ta Mercedes, wanda ya kwana yana kallon Bafaranshen na wahalar da motocinshi. A 1953 Levegh ya zo na takwas, a 1954 bai gama ba, Talbot kuma ta tsufa, kamfanin ba kuɗi. Sai a 1955 Mercedes ta dawo Le Mans da 300 SLR, Neubauer ya aika ma Levegh da goron gayyata. Sanya Bafaranshe cikin motar Jamus a ƙasar Faransa dabara ce ta gyara zumunci, kowa ya gane haka. Ga Levegh kuwa, ga abin da ya yi shekaru yana nema ya zo har gida.

Motar ba irin wadda ya saba ba ce. Samfuri ce da aka ciro daga motar Formula 1 ta kamfanin, inji mai silinda 8 lita 3, tana kusantar kilomita 290 a awa a miƙaƙƙiyar hanya. Wata guda kafin nan Stirling Moss ya ci tseren Mille Miglia na Italiya da ita. Don ta yi sauƙi, an ƙera jikinta da wani ƙarfe mai haɗin maganiziyom. Birkinta tsohon yayi ne, don haka aka sa mata wani faifai a baya da ke miƙewa ya tare iska in za a rage gudu. Jaguar kuwa tana da sabon birki na faranti, mai tsayar da mota cikin ɗan taƙi. Ku riƙe wanga bambanci. Aka haɗa Levegh da Ba'amurke John Fitch a mota mai lamba 20. Juan Manuel Fangio na Ajantina da Moss suna cikin wata, Karl Kling da André Simon suna cikin ta uku.

Asabar 11 ga Yuni, mutane sun haura dubu 200. Tun daga farko Mike Hawthorn na Jaguar da Fangio suka kama juna kamar tseren awa biyu ake yi, wanga ya kafa sabon tarihin zagaye, wancan ya rushe. Wajen ƙarfe 6 da minti 26 na yamma suka doshi wurin tsayawa shan mai. A lokacin ba katanga tsakanin wurin tsayawar da hanyar tsere, hanyar kuma ƙunci gare ta, ɗaya gefen ga ƴan kallo maƙil, tudun ƙasa da shingen katako kawai ke tsakaninsu da motoci. Hawthorn ya wuce Levegh, ya wuce wata Austin-Healey mai ƙarancin gudu da Lance Macklin ke tuƙawa, sai ya koma dama ya taka birki don ya shiga shan mai. Macklin ya ga mota ta tsaya mishi a gaba, ya kauce hagu. Levegh na tafe a bayanshi da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Ba wurin kaucewa. Mercedes ta hau bayan Austin-Healey kamar ta hau gangare, ta tashi sama, ta faɗa kan tudun ta tarwatse. Injin da murfin gaba da ƙafafun gaba suka ratsa cikin taron mutane. Levegh ya faɗo kan titi, nan take ya cika. Matarshi na tsaye a rumfar Mercedes kusa da Fitch, a tsallaken hanya. Fangio, da ke biye, ya bi ta tsakanin motocin ya tsira, kuma ya riƙa faɗa daga baya cewa hannun da Levegh ya ɗaga ne ya gargaɗe shi.

Sauran gangar motar ta kama wuta. Masu kashe gobara suka watsa ruwa, ba su san ƙarfen maganiziyom in yana ci ruwa ƙara mishi ƙarfi yake ba, wutar ta yi awoyi. Mutum sama da 80 suka mutu, fiye da 100 suka ji rauni. Ba a tsayar da tseren ba. Shugaban tseren Charles Faroux ya kafa hujja da cewa in aka sallami taron gaba ɗaya hanyoyi za su cushe, motocin ɗaukar marasa lafiya ba za su samu wucewa ba. Wanga hujja tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake wuya ne mutum ya haɗiye cewa an ci gaba da gudu gawawwaki na kwance a gefe. Cikin dare, wajen ƙarfe 2 saura, umarni ya zo daga Stuttgart, Mercedes ta janye motocinta biyu alhali Fangio da Moss ne a gaba. Jaguar ta ci gaba, Hawthorn da Ivor Bueb suka ci.

Da aka fara neman mai laifi, mamaci ne ya fi sauƙin nunawa, tunda ba ya da bakin kare kanshi. Aka ce ya tsufa, motar ta fi ƙarfinshi. Masu faɗin haka sun manta Fangio da kanshi yana da shekara 43 a ranar. Wasu suka ɗora ma Hawthorn, wasu Macklin, har Macklin ya kai Hawthorn ƙara kan abin da ya rubuta a littafinshi, ba a gama shari'ar ba Hawthorn ya mutu a hatsarin mota a Ingila a watan Janairu 1959. Binciken hukumomin Faransa bai kama direba ko ɗaya da laifi ba, ya nuna yatsa ga tsarin wurin: hanya ce da aka shata shekara 30 baya don motocin da gudunsu bai kai rabin na 1955 ba.

Abin ya girgiza Turai. Aka soke manyan tseren Faransa da Jamus da Sipaniya da Suwizalan na wannan shekara. Suwizalan ta haramta tseren zagaye a ƙasarta, dokar da ta yi shekara sama da 60 tana aiki. A ƙarshen 1955 Mercedes ta bar tsere, sai a shekarun 1980 ta dawo tare da Sauber, ta ci Le Mans a 1989. A Le Mans kuwa an rushe rumfunan an faɗaɗa hanya an ja ƴan kallo baya kafin tseren 1956, aka kuma rage girman injin motocin samfuri a wannan shekara. John Fitch, wanda bai samu ko taɓa sitiyarin mota lamba 20 a tseren ba, ya koma aikin kare rayuka a hanya. Shi ya ƙirƙiro gangunan nan masu yashi da ake jerawa a manyan titunan Amurka don su sha ƙarfin karo.

An binne Pierre Levegh a maƙabartar Père Lachaise da ke Paris. A Le Mans, kusa da inda abin ya faru, akwai ɗan allo a jikin bango mai ɗauke da kwanan watan 11 ga Yuni 1955.