Ibrahim Narambaɗa

An haifi Ibrahim Narambaɗa a Tubali, wani gari kusa da Isa. Ubansa ɗan dambe ne, ba makaɗi ba. Ta wajen uwa ya gaji kiɗa, gama kakansa makaɗin kotso ne. A zamanin nan babu makarantar koyon kiɗa. A gida yaro yake koyo, da kunne da hannu.

Da fari kiɗan noma ya yi, yana zuga samari a gona. Da hannunsa ya faɗa, sai ya koma kiɗan fada, ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Ahmadu. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, don in makaɗin fada ya kuskure kalma a gaban jama'a, shi da ubangidansa duka sun ji kunya. Saboda haka Narambaɗa yakan auna magana kafin ya furta ta, 'yan amshi suna karɓa. Cikin waƙoƙinsa Bakandamiya ta fi shahara.

Ya rasu a farkon shekarun 1960. Ba don an ɗauki muryarsa ba, da waƙoƙinsa sun bi shi kabari. Yanzu har a jami'a ana nazarinsu.